Na biya haraji a gidan mai, me ya sa IFTA ke bi na bashi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, a Amurka. Shekara huɗu ina tuƙa wa kamfani tirela, bara Allah ya hore mini na sayi kan mota nawa, na yi rajista da sunana. Yawancin lodina tsakanin Ohio ne da Pennsylvania. Duk man da na sha da kuɗina na saya, kuma an ce harajin yana cikin farashi, amma da na cike takardar harajin mai ta IFTA sai ga shi ana bi na sama da dala 400. Ga shi mil ɗin da na'urar ELD mai ƙirga awannin tuƙi ta ba ni bai zo daidai da na agogon mota ba. Wasu rasit sun ɓace, wasu sun koɗe. Sannan akwai wata ukun da motar ta yi a gareji, ban cike komai ba, yanzu an aiko mini takardar tara. Cuta ce, ko ni ne ban gane ba? Ta ina zan fara gyara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a motar, ya sa ta zama uwar wasu. Aikina shi ne riƙe wa masu manyan motoci lissafi da shirya musu takardun haraji, kuma wannan tambaya taka kusan duk wanda ya bar tuƙin kamfani ya tsaya da ƙafarsa sai ya zo mini da ita a shekararsa ta farko. Abu huɗu ka haɗa: bashin da ya fito duk da ka biya a gidan mai, saɓanin mil, rasit ɗin da babu, da tarar watannin da ba ka yi aiki ba. Na farkon ba cuta ba ce. Na ƙarshen ƙaramin abu ne, za ka iya kashe shi cikin makon nan. Biyun tsakiyar su ne suka fi damu na, domin su ne ke iya zama dubban daloli nan gaba idan ka bar su haka.

Abin da kake biya a gidan mai kafin alƙalami ne

Kowace jiha a Amurka tana da harajinta a kan dizal, kuma da shi take gyara titunanta. Hujjar jihohin ita ce, motar da ta taka titina ta ƙona mai a kansa, ni za ta biya, ko a ina ta sha man. Ƙaramar mota ba a damu da ita ba, tunda yawanci inda ta sha nan take yawo. Tirela kuwa tana iya cika tankuna biyu a Ohio ta ratsa jiha uku ba ta tsaya gidan mai ba. Shi ya sa a da kowace jiha take da takardar izininta da sitikarta da fom ɗinta, ƙofar mota ta cika da sitikoki. Wanda ya taɓa jan kaya daga Kano zuwa Legas ya san irin wannan wahala ta karɓar takarda jiha-jiha.

A 1983 jihohi uku, Arizona da Iowa da Washington, suka fara yarjejeniyar raba harajin mai da ake kira IFTA. Wata dokar tarayya ta 1991 ta ba sauran jihohi wa'adin shiga zuwa ƙarshen Satumban 1996. Yau jihohi 48 na Amurka da larduna 10 na Kanada suna ciki. Alaska da Hawaii da birnin Washington D.C., babban birnin ƙasar, ba sa ciki. Tsarin ya shafi motar da ke tsallaka iyakar jiha idan tana da gatari biyu kuma nauyinta ya wuce laba 26,000, wato kilo 11,797, ko tana da gatari uku ko fiye ko nawa ne nauyinta, ko kuma kai da bodi a haɗe sun wuce wancan nauyi. Jiharka ta ba ka lasisi ɗaya da sitika biyu na kowace mota, ka cike takarda ɗaya duk wata uku, ka biya jiharka, ita kuma ta raba wa sauran.

To ga inda kanka ya ɗaure. Harajin da ke cikin farashin galan ba shi ne hukuncin ƙarshe ba, kafin alƙalami ne ka ba jihar da ka sayi man a cikinta. Ƙarshen wata uku sai a zauna a yi lissafi, a ga nawa ka ƙona a kowace jiha, nawa kuma ka riga ka ba ta.

Bari in yi maka misali da hanyarka, da alƙaluma masu sauƙin rabawa. A ce cikin wata uku ka yi mil 24,000, ka zuba galan 4,000. Kenan kowane galan yana kai ka mil 6. A ce rabin tafiyar a Ohio ka yi ta, rabi a Pennsylvania, to kowace jiha ka ƙona galan 2,000 a kan titinta. Amma da yake allon gidan mai a Ohio ya fi nuna araha, galan 3,600 a can ka saya, 400 kacal a Pennsylvania. Harajin dizal na Ohio senti 47 ne a galan tun Yulin 2019. Na Pennsylvania a 2024 senti 74.1 ne. Ohio ka biya ta harajin galan 1,600 da ba a titinta ka ƙona ba, don haka tana riƙe maka da dala 752. Pennsylvania kuma ka ƙona galan 1,600 a titinta ba ka ba ta komai a kansu ba, tana bin ka dala 1,185 da senti 60. A cire wancan daga wannan, saura dala 433 da senti 60. Ka ga ya yi kusa da abin da aka ce ka biya. Ba wanda ya caje ka sau biyu. Arahar da ka gani a allo, wani ɓangarenta bashi ne da aka jinkirta maka.

Wannan yana da amfani ga aljihunka fiye da yadda direbobi da yawa suka ɗauka. Tunda harajin yana bin inda taya ta taka ne, ba inda ka saya ba, to jimillar harajin da za ka biya a wata ukun ba ta canzawa ko a ina ka sha mai. Abin da ke canzawa shi ne ainihin kuɗin man bayan an cire harajin jiha. A ce allo ya nuna dala 3.80 a Ohio, dala 4.00 a Pennsylvania. Cire senti 47 daga na farko, saura 3.33. Cire senti 74 daga na biyu, saura 3.26. A wannan misali man Pennsylvania ne ya fi araha, duk da ido ya ce akasin haka. Ba kullum yake zama haka ba, sai ka riƙa cirewa kana gani. Na sha ganin direba yana murnar ya cika tanki a Texas, inda harajin yake senti 20, ya nufi Kalifoniya inda yake kusan dala guda a galan, sai ƙarshen kwata, wato wata ukun, ya ga lissafi ya rasa ta cewa. Harajin tarayya na senti 24.4 a galan ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan, shi ko'ina ɗaya ne.

Akwai jihohi biyu da za ka kula da su idan lodi ya kai ka kudu, Kentucky da Virginia. Suna da ƙarin haraji da ba a karɓa a gidan mai sam, sai a takardar kwata. Ko da duk manka a can ka saya, layin wannan ƙarin zai fito da bashi.

Mil: agogon mota ne shaida

Yanzu ga maganar da na ce ta fi damu na. Na'urar ELD, wadda ta zama dole tun Disambar 2017, an yi ta ne don ƙirga awannin tuƙi da na hutu, ba don haraji ba. Abin da dokarta ta wajabta shi ne ta rubuta inda mota take sau ɗaya a awa idan ana tafiya, kuma idan ka sa ta a matsayin tafiyar ƙashin kai, da gangan take rage daidaiton wurin zuwa kusan mil 10. Bayananta kuma wata shida kawai doka ta ce a ajiye. IFTA kuwa shekara huɗu take so ka ajiye takardunka, daga ranar da ya kamata a miƙa takardar kwata ko ranar da ka miƙa, duk wadda ta zo daga baya. Idan da na'urar GPS kake ƙirga mil, ana so ta riƙa rubuta wuri aƙalla kowane minti 10 muddin inji yana aiki, tare da rana da lokaci da abin da agogon mil ya nuna. Kamfanonin ELD da yawa suna da wannan a cikin hajarsu, amma ba duka ba, wasu kuma sai ka biya ƙari. Ka kira naka ka tambaye su abu biyu: kowane minti nawa suke rubuta wuri, kuma wata nawa suke ajiye ainihin bayanan, ba taƙaitaccen rahoto ba. Ko me suka ce, ka riƙa sauke naka duk ƙarshen wata ka adana.

Saɓanin da ka gani yana da tushe kala-kala. Wani lokaci na'urar ce ta cire daga soket ko ta rasa sadarwa a cikin duwatsun Pennsylvania, sai ta ja miƙaƙƙen layi tsakanin wuri biyu alhali hanya ta yi lanƙwasa. Wani lokaci an sauya girman taya ba a gyara lissafin kwamfutar injin ba. Amma mafi yawan abin da nake samu shi ne mil ɗin da direba ya ɗauka ba sa cikin lissafi: tafiya da bodi babu kaya, tafiya da kai kaɗai zuwa gareji ko gida ko masallacin Juma'a. Duk suna ciki. IFTA ba ta tambayar ko an biya ka kuɗin wannan tafiya, tana tambayar ko taya ta juya ne. Kada kuma ka yi amfani da mil ɗin da dillalin lodi ya rubuta a takardar ciniki, wannan lissafin taswira ne, kusan kullum ya gaza abin da ka taka.

Ga abin da nake sa mutanena su yi. Ranar farko da ranar ƙarshe ta kowane wata, ka ɗauki hoton agogon mil. Bambancin hotunan biyu shi ne jimillar da dole rahotonka ya kai. Idan ELD ta ba ka ƙasa da haka, ka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya ka nemo inda giɓin yake, ka duba takardun lodi da kuɗin titin da ka biya a ranar, ka sa mil ɗin a jihar da aka yi su, ka rubuta dalili a gefe. Littafi ɗan ƙarami a cikin mota, da kake rubuta abin da agogo ya nuna duk sanda ka tsallaka iyaka, tsohon yayi ne amma har yau ban ga abin da ya fi shi ceton mutum ranar da na'ura ta yi gardama ba.

Dalilin da ya sa nake matsa maka shi ne binciken da ake yi. An ɗora wa kowace jiha ta binciki kimanin kashi 3 cikin 100 na masu lasisinta duk shekara, don haka ba sai ka yi laifi ake zaɓo ka ba. Mai bincike yakan ɗauki wani yanki na lokaci ya tantance, kuskuren da ya samu a ciki ya shimfiɗa shi a kan sauran watannin. Idan kuwa ya yanke cewa takardunka ba su isa a dogara da su ba, yana da ikon ya mayar da lissafinka mil 4 a galan, ko ya rage kashi 20 cikin 100 daga mil ɗin da ka rubuta kowane galan yana kai ka. Koma kan misalinmu. Mil 24,000 a kan mil 4 ya zama galan 6,000, ba 4,000 ba. Harajin jihohin biyu ya tashi daga dala 2,422 zuwa 3,633. Ƙarin dala 1,211 kenan a kwata ɗaya, kan man da ba ka taɓa zubawa a tanki ba, kafin a zo maganar tara da kuɗin ruwa. Ka ninka wannan da kwata goma sha biyu ka gani. Akwai wani bawan Allah da ya zo mini bayan an riga an gama bincikensa, mutum mai gaskiya, bai ɓoye ko mil ɗaya ba, sai dai ya sauya kamfanin ELD, tsohon ya goge bayanansa, shi kuma bai sauke ba. Na yi iya ƙoƙarina da takardun lodi da na kati, an rage masa wani abu, amma sauran sai da ya biya. Har yau abin yana ci mini rai, domin aikin minti goma a wata ne da ya tsare shi.

Rasit

Rasit shi ne hujjarka cewa ka ba da kafin alƙalamin. Babu rasit, babu ragi. Wanda ake karɓa dole ya nuna rana, sunan gidan man da adireshinsa, irin man, yawan galan, farashin galan ko jimillar kuɗi, sunan mai saye, da lambar motar da aka zuba wa. Wanda aka yi wa gyara da biro ba a karɓa. Haka ma takardar da ake ba ka idan ka biya kuɗi tun kafin ka zuba, tunda ba ta nuna galan nawa ya shiga ba. Ka koma kanta ka karɓi ta ƙarshe.

Waɗanda suka ɓace, idan da katin mai na masu tirela ka saya, an gama: rahoton katin yana ɗauke da waɗannan bayanai kuma ana karɓarsa. Idan da katin banki ne, takardar banki kaɗai ba ta isa ba don ba ta nuna galan, amma za ta ba ka rana da wuri da kuɗi, da su za ka je manyan gidajen man su sake buga maka. Idan kana da katin maki na gidan man, duba manhajarsu, sau da yawa rasit ɗin yana nan. Wanda ka saya da tsabar kuɗi kuma ya ɓace, sai haƙuri. Sai dai ka kula da wannan: galan ɗin dole su shiga jimillar man da ka zuba, ragin harajinsu ne kawai ba za ka nema ba. Galan 500 na Ohio babu rasit, asarar dala 235 ce. Wasu sukan cire galan ɗin gaba ɗaya daga lissafi, sai motar da kowa ya san tana yin mil 6 ta bayyana tana yin 8 ko 9, kuma irin wannan tsalle daga kwata zuwa kwata yana cikin abin da ke jawo ido kan mutum. Masu koɗewa kuma, takardar gidan mai da zafi ake buga ta, rana da ɗumin mota suna cinye rubutun cikin 'yan watanni. Ka ɗauki hoto tun kana tsaye a bakin famfo. Ana karɓar hoto matuƙar yana karantuwa.

Kada ka haɗa ruwan DEF, wanda ake zubawa don rage gubar hayaƙi, cikin galan ɗin dizal, ba mai ba ne, ko da ya fito a rasit ɗaya. Idan wata rana ka ja bodi mai sanyi, man da ke shiga tankin injin sanyin shi ma ba ya cikin lissafi, ka sa a buga masa rasit daban. Amma man da ka ƙona mota tana tsaye da dare don ɗumi ko sanyi, tunda daga babban tanki ya fito, yana ciki.

Takardar tara

Muddin lasisinka yana raye, sai ka miƙa takarda kowace kwata ko da motar ba ta motsa ba, ka rubuta sifili. Ranakun su ne 30 ga Afrilu, 31 ga Yuli, 31 ga Oktoba da 31 ga Janairu. Idan ranar ta faɗa Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, sai ranar aiki ta gaba. Tarar makara dala 50 ce ko kashi 10 cikin 100 na harajin da ake bin ka, duk wanda ya fi yawa. Tunda ba ka yi tafiya ba, taka dala 50 ce. Ka miƙa takardar sifilin yau, ka haɗa da takardar gareji ka roƙi a yafe tarar. Jiharka tana da ikon yafewa idan ta ga uzuri, amma ba dole ba ne. Idan an ƙi, ka biya ka wuce. Abin da ba na so shi ne ka ajiye wasiƙar a aljihun ƙofa. Wanda ya yi shiru ana iya ƙiyasta masa haraji, a dakatar ko a soke lasisinsa, kuma sokewar tana aiki a duk jihohin da ke cikin yarjejeniyar, jami'in da ke wurin awon nauyi yana gani a kwamfutarsa. Sabunta sitikar shekara ma ba za ta yiwu ba sai ka share abin da ke kanka. Kuɗin ruwa kuma wata-wata yake hawa kan harajin da ba a biya ba, ga kowace jiha daban, kuma jiharka ba ta da ikon yafe na wata jiha ita kaɗai. Ga wanda yake gudun riba ta shiga harkarsa, wannan kaɗai ya isa dalilin biya a kan lokaci. Ni nakan ce wa mutanena su ware ɗan wani abu daga kowane lodi a asusu daban, don kada ƙarshen kwata ya zo musu a ba-zata.

Tunda Pennsylvania tana iyaka da New York, Ohio kuma tana iyaka da Kentucky, ka san cewa ba kowane haraji IFTA ta rufe ba. New York tana da harajin amfani da titi da ake kira HUT ga motar da ta wuce laba 18,000. Kentucky tana da KYU ga mai laba 60,000 zuwa sama. New Mexico da Connecticut suna da irin nasu, Oregon kuma ta daɗe tana karɓar harajin manyan motoci bisa nauyi da mil. Kowanne rajistarsa daban, takardarsa daban, kuma sai ka yi kafin ka shiga jihar. Mil ɗin da ka rubuta a IFTA su ne dai ake son gani a waɗannan takardu da kuma a sabunta lambar motarka ta IRP, wato rajistar motar da ke zirga-zirga tsakanin jihohi, don haka kada ka ba kowa lissafi daban.

Ban ga takardunka ba, misalin da na yi na nuna hanya ne kawai, kuma farashin harajin jihohi yana iya canzawa kowace kwata, sai ka ɗauki jadawalin kwatar da kake cikewa. Idan ka bi kwanakinka ka gano cewa takardar da ka riga ka miƙa tana da kuskure, ka miƙa ta gyara da kanka. Biyan ɗan bambanci yanzu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mai bincike ya gano shi bayan shekara uku. Idan kuwa wasiƙar sakamakon bincike ta zo, ko aka yanke maka wani adadi da ba ka yarda da shi ba, akwai ƙayyadadden wa'adin da za ka nemi a saurare ka a rubuce. A nan aikina na amsa tambaya daga nesa ya ƙare, sai ka nemi akanta ko lauyan haraji a nan Ohio ya zauna da kai da takardun a gabansa, kuma ka neme shi tun ranar da wasiƙar ta iso, ba ranar da wa'adin zai cika ba. Allah ya tsare hanya, ya kai ka gida lafiya.